Yadda kamfanoni ke ƙalubalantar harajin da aka yanka musu a Qatar

Unguwar Nu'aija da ke kudancin tsakiyar birnin Doha ta samo sunanta ne daga kalmar Larabci mai nufin tunkiya. A farkon ƙarni na 20 an san wurin da rijiyoyin da mutanen Doha ke ɗibar ruwan sha. A yau unguwa ce ta gidaje da makarantu da shaguna, kuma a gefen titin D-Ring da ya ratsa yankin akwai ofisoshin ƙanana da matsakaitan kamfanoni masu sayar da kayan gini da gyaran na'urori da jigilar kaya da sauransu.

Da yawa daga cikin irin waɗannan kamfanoni a Doha haɗin gwiwa ne tsakanin ɗan ƙasa da baƙo. A duk shekara suna miƙa bayanin kuɗin shigarsu ga hukumar haraji, su biya abin da lissafinsu ya nuna. Sai dai biyan ba ya rufe magana. Bayan shekara biyu ko uku, saƙo na iya shigowa cewa hukuma ta duba lissafin, ta ƙi amincewa da wasu kuɗaɗen da kamfani ya ce ya kashe, ta ƙara yawan ribar, ta kuma yanka sabon haraji haɗe da tara.

Daga ranar da wannan saƙo ya iso, kamfani yana da kwana 30 kacal. Wannan maƙala ta duba abin da doka ta tanada game da kuɗaɗen da ake cirewa kafin haraji, dalilan da ke sa a ƙi su, da matakan da mai kamfani zai bi idan bai gamsu ba.

Wane ne ke biyan harajin kamfani a Qatar?

Dokar da ke aiki ita ce Dokar Harajin Kuɗin Shiga mai lamba 24 ta shekarar 2018, wadda ta maye gurbin doka mai lamba 21 ta 2009. Majalisar ministocin ƙasar ta fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita a ƙarƙashin shawara mai lamba 39 ta 2019, sannan aka yi wa dokar gyara da doka mai lamba 11 ta 2022.

A ƙarshen 2018 ne aka kafa Babbar Hukumar Haraji domin ta karɓi aikin da wani sashe na ma'aikatar kuɗi ke yi a da. Tun daga 2020 kusan duk wata hulɗa da hukumar ta koma shafin intanet mai suna Dhareeba: rajista, miƙa bayanin shekara, biyan kuɗi, karɓar sanarwa da kuma shigar da ƙorafi.

Harajin kashi 10 cikin 100 ne na ribar da aka samu. Ayyukan man fetur da iskar gas suna da nasu tsarin, inda harajin ba ya gaza kashi 35 cikin 100. Ba a karɓar haraji daga albashin ma'aikata. Haka kuma rabon ribar da ya faɗa hannun 'yan Qatar, da 'yan ƙasashen ƙungiyar haɗin kan yankin Gulf da ke zaune a ƙasar, an yafe masa haraji. Saboda haka a kamfanin haɗin gwiwa, rabon baƙo ne ake yanka wa haraji.

A da, baƙo ba ya mallakar fiye da kashi 49 cikin 100 na kamfani sai da izini na musamman. Doka mai lamba 1 ta 2019 ta buɗe ƙofar mallakar kamfani gaba ɗaya a mafi yawan fannoni. Idan baƙo ya mallaki kamfani ɗungurungum, dukkan ribar ce ke shiga ƙarƙashin haraji, kuma duk wani kuɗi da hukuma ta ƙi cirewa zai fi yi masa nauyi.

Ana miƙa bayanin haraji cikin wata huɗu bayan ƙarewar shekarar lissafi, wato zuwa 30 ga Afrilu ga kamfanin da ke rufe littafinsa a ƙarshen Disamba. Kamfanin da jarinsa ya haura riyal 200,000, ko kuɗin shigarsa ya haura riyal 500,000, ko hedikwatarsa take a wajen Qatar, dole ne ya haɗa da rahoton kuɗi da mai binciken kuɗi mai lasisi a ƙasar ya tantance. An ɗaure darajar riyal ɗin Qatar da dalar Amurka, inda dala ɗaya take daidai da riyal 3.64.

Sharuɗɗa huɗu na cire kuɗin da aka kashe

Ba a kan duk kuɗin da ya shigo ake yanka haraji ba. Sai an cire abin da aka kashe wajen samo shi, ragowar ita ce ribar da haraji ke hawa. A nan ne saɓani ke tasowa, domin kowane riyal da aka amince a cire yana rage harajin, kowane riyal da aka ƙi kuma yana ƙara shi.

Doka ta gindaya sharuɗɗa huɗu. Na farko, kuɗin ya zama wajibi wajen samo kuɗin shigar kamfanin. Na biyu, ya zama an kashe shi da gaske kuma akwai takardun da ke tabbatar da hakan. Na uku, kada ya zama kuɗin da ya ƙara wa dawwamammiyar kadara daraja, kamar gini ko injin, domin irin wannan ana cire shi ne kaɗan-kaɗan a tsawon shekaru a matsayin raguwar darajar kadara. Na huɗu, ya shafi shekarar da ake lissafi a kanta.

Duk takaddamar da ake yi tsakanin kamfani da hukuma, idan aka bi ta, tana komawa ne ga ɗaya daga cikin waɗannan huɗu, ko kuma ga jerin abubuwan da doka ta hana cirewa ko ta yi musu iyaka.

Kuɗaɗen da aka hana da waɗanda aka yi wa iyaka

Akwai abubuwan da doka ta hana cirewa kwata-kwata. Daga ciki akwai tarar da aka ci kamfani saboda karya dokokin ƙasa, da kuɗin da aka biya ta hanyar da ta saɓa wa doka, da kuɗin da aka kashe wajen samo kuɗin shigar da tun asali an yafe masa haraji, da asarar da inshora ya biya ko zai biya. Haka nan albashi da alawus da mai kamfani ya yanka wa kansa ko matarsa ko 'ya'yansa ba a cire su. Kuɗin ruwan da reshe ya biya hedikwatarsa da ke ƙetare ma ba ya shiga.

Akwai kuma waɗanda ake cirewa amma zuwa wani adadi. Gudummawa da taimakon da aka bai wa hukumomi ko ƙungiyoyin jin ƙai masu izini a cikin ƙasar ba sa wuce kashi 3 cikin 100 na ribar, kuma zakkar da kamfani ya fitar tana shiga cikin wannan lissafi. Kuɗin liyafa da otal da cin abinci da kyaututtukan da ake bai wa abokan ciniki an yi musu iyaka da ake aunawa da kashi 2 cikin 100 na riba da kuma wani adadi na riyal da ƙa'idojin suka ambata.

Reshen kamfanin waje yana iya cire rabonsa na kuɗin gudanarwar hedikwata, amma bai wuce kashi 3 cikin 100 na kuɗin shigar reshen ba, ga bankuna da kamfanonin inshora kuwa kashi 1 ne. Idan kamfani ya ci bashi daga wani kamfani ɗan'uwansa, kuɗin ruwan da za a cire ya tsaya ne a kan bashin da bai wuce ninki uku na jarin masu kamfanin ba.

Wani wurin da ake yawan samun gyara shi ne kuɗin da akanta ya ware a littafi domin wani nauyi da ke tafe, kamar kuɗin sallamar ma'aikata ko na hutunsu. A ƙa'idar lissafin kuɗi wannan daidai ne, amma a wajen haraji ba a cirewa sai an biya. Bashin da ya maƙale a hannun abokin ciniki ma ba a ɗaukarsa asara don kawai mai kamfani ya fid da rai: sai an nuna cewa an taɓa lissafa shi cikin kuɗin shiga, an bi hanyoyin karɓo shi, kuma ya gagara.

Asarar da kamfani ya yi a wata shekara ana iya ɗaukarta zuwa shekaru biyar masu zuwa domin a rage riba. Don haka ko kamfanin da bai ci riba ba yana da abin da zai rasa: idan hukuma ta rage adadin asarar da ya bayyana, harajin shekarun gaba zai ƙaru.

Ciniki tsakanin kamfanoni 'yan gida ɗaya

Gyara mafi tsada yakan fito ne daga cinikin da kamfani ke yi da uwar kamfaninsa ko 'yan'uwansa na ƙetare. Misali, kamfanin Doha ya sayi kaya daga ɗan'uwansa na Dubai a farashi mai tsada, ko ya biya shi kuɗin shawara mai yawa, sai riba ta ragu a Qatar ta ƙaru a can. Hukuma tana da ikon mayar da farashin zuwa abin da 'yan kasuwa biyu da ba su da wata alaƙa za su amince da shi a kasuwa.

Shawarar shugaban hukumar mai lamba 4 ta 2020 ta wajabta wa kamfanin da kuɗin shigarsa ko kadarorinsa suka kai riyal miliyan 10 ya bayyana irin wannan ciniki a bayaninsa na shekara. Wanda ya kai riyal miliyan 50 kuma yana da ɗan'uwa a wajen ƙasar, sai ya miƙa cikakken kundi mai bayanin yadda ya tsayar da farashinsa.

Akwai kuma harajin kashi 5 cikin 100 da ake riƙewa daga kuɗin da aka biya wanda ba mazaunin Qatar ba ne, a kan ayyuka da kuɗin ruwa da kamasho da haƙƙin mallaka. Kamfanin da ya manta bai riƙe ba zai biya harajin, ya kuma biya tara daidai da adadinsa.

Yadda gyaran ke zuwa

A tsarin Qatar, bayanin da kamfani ya miƙa shi ne lissafin harajinsa har sai hukuma ta ce a'a. Tana da shekara biyar bayan shekarar da aka miƙa bayanin domin ta duba ta yi gyara. Idan ba a miƙa bayanin ba sam, wa'adin ya zama shekara goma. Shi ya sa doka ta wajabta ajiye littattafai da takardu na tsawon shekara goma.

Galibi hukuma kan fara da neman ƙarin bayani: jerin masu kawo kaya, kwangiloli, takardun banki, jadawalin kadarori. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin takardar da aka miƙa a nan tana iya kashe magana tun kafin ta zama takaddama. Idan kamfani ya yi shiru, ko ba shi da littattafai na kirki, hukuma tana iya yanka masa haraji bisa ƙiyasi, ta hanyar kwatanta shi da kamfanoni masu irin sana'arsa.

Tarar ma ba ƙarama ba ce. Jinkirin miƙa bayani riyal 500 ne a kowace rana, har zuwa riyal 180,000. Jinkirin biya kuwa kashi 2 cikin 100 ne na harajin a kowane wata, har sai tarar ta kai yawan harajin kansa.

Misali da alƙaluma

A ɗauka akwai wani kamfanin gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a Nu'aija, wanda ɗan ƙasa ke da kashi 51 na ribarsa, baƙo kuma kashi 49. Kuɗin shigarsa na shekara riyal miliyan 6, ya ce ya kashe miliyan 5, ribarsa miliyan 1. Rabon baƙo riyal 490,000, harajinsa riyal 49,000. Ya biya a kan lokaci.

Bayan shekara biyu hukuma ta ƙi amincewa da abubuwa huɗu: riyal 300,000 da aka ware domin sallamar ma'aikata amma ba a biya ba; riyal 200,000 da aka ce an biya wani ƙaramin ɗan kwangila ba tare da takarda ba; riyal 40,000 na tarar laifukan tuƙi; da riyal 60,000 na aikin da aka yi wa wani injin, wanda kamfani ya kira gyara, hukuma kuma ta ce sabuntawa ce da ta ƙara wa injin daraja.

Jimilla riyal 600,000. Riba ta koma miliyan 1.6, rabon baƙo riyal 784,000, haraji riyal 78,400. Ƙarin da ake nema riyal 29,400 ne. Idan aka lissafa tarar kashi 2 cikin 100 na wata 24, za ta kai riyal 14,112.

Mai kamfanin da ya san abin da yake yi ba zai yi jayayya a kan duka huɗun ba. Tarar tuƙi doka ce ta hana, babu gardama. Kuɗin sallama kuwa ba asara ba ce, jinkiri ne: za a cire shi a shekarar da aka biya ma'aikatan. Inda yake da hujja shi ne kuɗin ɗan kwangila, matuƙar zai iya kawo yarjejeniyar aiki da takardar neman biya da shaidar tura kuɗi ta banki. Wannan kaɗai zai rage harajin da riyal 9,800, tare da tarar da ta hau kansa. Batun injin kuma yana buƙatar rahoton injiniya da zai nuna ko aikin ya mayar da injin yadda yake ne, ko ya tsawaita rayuwarsa ya ƙara masa ƙarfi.

Mataki na farko: ƙorafi ga hukumar

Doka ta bai wa mai biyan haraji kwana 30 daga ranar da aka sanar da shi domin ya shigar da ƙorafi ga hukumar da ta yanka harajin. Idan wa'adin ya wuce bai yi komai ba, hukuncin ya tabbata, harajin ya zama bashin da dole a biya, kuma hukuma tana iya bin hanyoyin ƙwace kadara domin ta karɓi kuɗinta. Shigar da ƙorafi a kan lokaci yana dakatar da zartar da hukuncin har a duba shi.

Da yake sanarwa ta Dhareeba take zuwa, kamfanin da ya bar shafinsa a hannun akantan da ya bar aiki, ko ya yi rajista da lambar wayar da aka daina amfani da ita, yana iya rasa haƙƙinsa ba tare da ya ga saƙon ba. Kwanakin kuma kwanakin kalanda ne, ba a tsayar da ƙirgawa saboda hutun Juma'a da Asabar da ya faɗo a tsakiya.

Ƙorafi mai ƙarfi yana bin gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya. A kowane ɗaya a faɗi adadin kuɗin, dalilin da hukuma ta bayar, sashen doka ko ƙa'idar da kamfani ya dogara da shi, da takardun da ke goyon bayansa. A kuma fito da sabon lissafi da ke nuna abin da kamfani ya yarda yana kansa. Kuka da taɓarɓarewar kasuwa ko tsawon zaman kamfani a ƙasar ba hujja ba ne a wannan mataki.

Harshen hukuma Larabci ne, kuma doka mai lamba 7 ta 2019 kan kare harshen Larabci ta ƙarfafa amfani da shi a ma'aikatun gwamnati. Kwangilar da aka rubuta da Ingilishi ko Faransanci za ta buƙaci fassarar mai fassara mai lasisi idan magana ta yi nisa, kuma wannan aiki yana cin kwanaki.

Hukuma tana da kwana 60 ta yanke shawara. Tana iya amincewa da ƙorafin gaba ɗaya, ko wani ɓangare, ko ta ƙi shi. Idan kwana 60 suka cika ba ta ce komai ba, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi. A nan ne kamfanoni ke yawan yin kuskure, su zauna jiran amsa alhali wa'adin mataki na gaba ya fara tafiya.

Mataki na biyu: kwamitin sauraron koke-koke

Wanda bai gamsu ba yana da wasu kwana 30, daga ranar da aka sanar da shi shawarar hukuma ko daga ranar da kwana 60 suka cika, domin ya kai kokensa gaban Kwamitin Sauraron Koke-koken Haraji. Alƙali daga Kotun Ɗaukaka Ƙara ne ke shugabantar kwamitin, kuma Majalisar Ƙoli ta Shari'a ce ke zaɓo shi.

A ƙaddara an sanar da kamfani hukuncin ranar 1 ga Maris. Wa'adin ƙorafi zai cika 31 ga Maris. Idan ya shigar ranar 25 ga Maris, kwana 60 na hukuma za su cika 24 ga Mayu. Idan bai ji komai ba, yana da zuwa 23 ga Yuni ya isa gaban kwamiti.

A gaban kwamitin, ɓangarorin biyu suna miƙa bayanansu a rubuce, kowa ya mayar wa ɗan'uwansa martani, a kuma zauna a saurare su. Kwamitin yana iya tabbatar da hukuncin hukuma, ko ya gyara shi, ko ya soke shi, kuma yana da ikon rage tara. Abin da aka rubuta a ƙorafin farko shi ne ginshiƙin abin da za a tattauna a nan, don haka wanda ya yi sakaci a matakin farko zai sha wahalar gyarawa a na biyu.

Mataki na uku: kotu

Mai biyan haraji da hukumar, kowannensu yana da damar ƙalubalantar hukuncin kwamitin a sashen shari'o'in gudanarwa na Kotun Matakin Farko, cikin kwana 60 daga ranar sanarwa. Doka mai lamba 7 ta 2007 ce ta tsara yadda ake sauraron irin waɗannan ƙararraki da ke tsakanin jama'a da hukumomin gwamnati.

Shigar da ƙara a kotu ba ya dakatar da hukuncin kwamiti, sai idan kotun ce ta ba da umarnin hakan. Ke nan kamfani yana iya biyan kuɗin yayin da shari'a ke gudana, idan ya yi nasara a mayar masa. A shari'o'in da suka shafi lissafi, kotu kan naɗa ƙwararren akanta ya duba littattafai ya kawo rahoto, kuma rahoton yana da tasiri sosai a kan hukunci. Daga nan akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, sannan Kotun Tamyiz, wadda ke duba ko an yi amfani da doka yadda ya kamata.

Kafin a kai ga nan, yana da kyau a auna kuɗin lauya da na ƙwararru da shekarun da za a ɓata, a kwatanta da harajin da ake jayayya a kai. A misalin da ya gabata, riyal 9,800 ya cancanci ƙorafi ga hukuma, amma da wuya ya cancanci shari'ar shekaru.

Neman yafe tara hanya ce dabam

Ƙalubalantar harajin kansa dabam ne da neman a yafe tara. Doka ta bai wa shugaban hukumar ikon yafe tarar da ba ta wuce riyal 500,000 ba idan aka kawo uzuri karɓaɓɓe, abin da ya haura haka kuwa sai ministan kuɗi. Wanda ya yarda cewa gyaran hukuma daidai ne yana iya biyan harajin ya nemi sassauci a kan tarar. A ranar 1 ga Maris na 2025 hukumar ta buɗe wani shiri na wata shida na yafe tara gaba ɗaya ga kamfanonin da suka kammala rajista, suka miƙa bayanansu, suka kuma biya asalin harajin da ke kansu.

Kamfanonin da ke da rajista a Cibiyar Hada-hadar Kuɗi ta Qatar, wadda aka kafa a 2005, ba sa bin wannan hanya. Suna da nasu dokokin haraji da nasu sashen haraji, kuma ƙararsu tana zuwa kotun musamman ta cibiyar. Daga 1 ga Janairun 2025 kuma, doka mai lamba 22 ta 2024 ta kawo mafi ƙarancin haraji na kashi 15 cikin 100 ga manyan kamfanonin duniya da kuɗin shigarsu ya kai yuro miliyan 750 a shekara, abin da bai shafi ƙananan kamfanoni ba.

Yaya abin yake a Najeriya?

Ɗan kasuwar Kano ko Katsina da ya taɓa jayayya da hukumar tara haraji ta tarayya zai ga kamanni da yawa. A Najeriya ma kwana 30 ne wa'adin ƙorafi. Idan hukuma ta ƙi gyarawa, ana zuwa Kotun Sauraron Ƙararrakin Haraji, wadda ke da mazauni a shiyyoyi, ciki har da Kaduna ga arewa maso yamma da Bauchi ga arewa maso gabas. Daga nan sai Babbar Kotun Tarayya a kan batutuwan da suka shafi fassarar doka.

A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sababbin dokokin haraji huɗu, aka kuma tsayar da Janairun 2026 domin fara aiki da manyan tanade-tanadensu. Ɗaya daga cikin sauye-sauyen ya sha bamban da tsarin Qatar: idan hukuma ba ta amsa ƙorafi cikin kwana 90 ba, ana ɗauka an amince da shi. A Doha kuwa shiru ƙi ne. Wanda ke kasuwanci a ƙasashen biyu dole ya riƙe wannan bambanci.

Alaƙar kasuwanci tsakanin ƙasashen tana ƙaruwa. A Fabrairun 2016, lokacin ziyarar Shugaba Muhammadu Buhari a Doha, an sanya hannu kan yarjejeniyar kauce wa biyan haraji sau biyu, sannan Shugaba Tinubu ya ziyarci birnin a Maris na 2024 inda aka ƙulla wasu yarjejeniyoyi.

Abin da ya kamata a tanada tun da wuri

Mafi yawan gyare-gyaren da ake yi wa ƙananan kamfanoni ba daga zurfin fassarar doka suke fitowa ba, daga rashin takarda ne. Al'adar ciniki bisa amana, a biya kuɗi hannu da hannu ba rasit, tana tafiya a kasuwa amma ba ta da daraja a gaban jami'in haraji. Kowane babban biya ya kamata ya bi ta banki, ya kasance da yarjejeniya da takardar neman biya da shaidar cewa an kawo kayan ko an yi aikin.

Ya kamata a raba aljihun mai kamfani da asusun kamfani. Kuɗin makarantar yara da hayar gidan iyali da tikitin tafiya gida hutu, idan suka shiga littafin kamfani, su ne farkon abin da za a cire. A kuma riƙa yin jadawali a kowace shekara mai nuna bambancin ribar da akanta ya fitar da ribar da haraji ke hawa, inda kamfani da kansa zai mayar da tara da kuɗaɗen da aka ware da duk abin da ya haura iyaka, tun kafin hukuma ta gano su ta ɗora tara a kai.

A ƙarshe, a tabbatar da cewa lambar waya da adireshin imel da ke Dhareeba na wanda ke aiki a kamfanin ne a halin yanzu, a kuma rubuta ranar da kowace sanarwa ta iso. Daga wannan rana ake ƙirga kwana 30 na ƙorafi, kuma sauran wa'adodin duk a kanta suke ginuwa.